Kalmomi Masu Kama da Juna a Rubutun Boko: Matsalar Mai Karatu a Damagaram

1. Matsala

A dokar ƙasa ta watan Maris 2025 ne aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, tare da barin Faransanci da Ingilishi su zama harsunan aiki. Wannan ya ɗora wa rubutun boko nauyin da bai taɓa ɗauka ba. Ya kamata ke nan a sake duba wata tsohuwar matsala: kalmomin da kunne ke rarrabewa, amma ido ba ya iya rarrabe su a takarda.

2. Rabe-raben ruɗani

Kashi na farko shi ne na haruffa masu ƙugiya. Kafa da ƙafa, kare da ƙare, baki da baƙi: ƙugiya ce kaɗai ta raba su. Wannan laifin na'urar bugawa ne ko sakacin marubuci, domin ƙa'ida ta riga ta yi maganinsa.

Kashi na biyu ya shafi tsawon wasali. Gari na mazauna gajeren wasali gare shi a gaɓar farko, gari na tuwo kuwa dogo. Haka baƙi na launi da baƙi masu sauka a gida.

Kashi na uku karin sauti ne. Kuka na hawaye sama-sama yake tafiya, kuka ta miya kuwa sama ce sannan ƙasa.

Kalmar fari ta tara biyun ƙarshe. Launi ne, ƙarancin ruwa ne kamar na 1973 da na 1984, kuma ƙwari ne kamar waɗanda suka auka wa gonaki a 2004. A cikin jimla nahawu yakan taimaka: “fari ya ɓata gero” daban yake da “fari sun ɓata gero”. Amma in malamin gona ya rubuta “ɓarnar fari” a kan rahoto, mai karɓa bai san ko iri zai aika ko maganin feshi ba. Mafi haɗari shi ne wakilin suna. “Ta sha magani” da dogon wasali labari ne na abin da ya wuce; da gajeren wasali mai sautin ƙasa umarni ne. A takardar asibiti wannan bambanci ba ƙarami ba ne.

3. Asalin lamarin

Taron Bamako na 1966, ƙarƙashin UNESCO, ya shawarta a ninka dogon wasali, Nijar kuma ta bi, ana rubuta gaarii. Nijeriya ba ta bi ba. A taron Yamai na 1980 aka daidaita rubutun ƙasashen biyu, aka bar ninkawa. An sami riba: littafin Zariya ya karantu a Zinder, na Zinder a Kano. Amma mai koyo ne ya biya kuɗin. Abin lura, malaman ajami na Damagaram suna da hanyar nuna tsawo da alif, wawu da ya, ko da yake su ma ba su nuna karin sauti.

4. Shawara

Ba mu ga dalilin rushe daidaiton 1980 ba. Ƙwararren mai karatu yakan gane ma'ana daga abin da ke kewaye da kalma. Sabon shiga ne ke tuntuɓe, saboda yana haɗa baƙi da baƙi kafin ya kai ƙarshen jimla.

Saboda haka, littattafan farko na yaƙi da jahilci su koyar da irin waɗannan kalmomi bibbiyu, kowace a cikin jimlarta. Ƙamus na makaranta ya nuna tsawo da karin sauti. Takardun lafiya da na noma su kauce wa lafazi mai harshen damo: a ce “a ba ta magani ta sha”, a ce “farin ɗango” ko “ƙarancin ruwa”. Zinder, inda aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a 1973, ita ce wurin da ya fi dacewa a jarraba wannan tsari kafin a yaɗa shi.