Sikila da Ido: Ɓarnar da Ba Ta Zuwa da Zafi

Idan aka ambaci sikila, abin da ke faɗo wa mutane a rai shi ne ciwon ƙashi da ƙarin jini da kwanciya asibiti. Ba kasafai ake tuna ido ba, alhali wannan cuta ta gado tana iya makantar da mutum ba tare da ya ji zafi ba.

A can cikin bayan ido akwai wani siririn tantani da likitoci ke kira retina. Shi ke karɓar haske ya aika wa ƙwaƙwalwa. Jajayen ƙwayoyin jinin mai sikila kan lanƙwashe su toshe ƙananan jijiyoyin da ke gefen tantanin. Wurin da jini ya daina kaiwa sai ya rasa iskar oksijin, ya riƙa fitar da sinadarin VEGF, wanda ke sa sababbin jijiyoyi su tsiro. Sai dai jijiyoyin ba su da ƙwari: suna bazuwa kamar mafici, suna yoyo, suna fashewa.

A 1971 likitan ido ɗan Amurka, Morton Goldberg, ya kasa ciwon mataki biyar. Ukun farko, daga toshewa zuwa tsirowar jijiyoyi, galibi ba sa taɓa gani, domin ɓarnar tana gefe. A na huɗu jini ke zuba cikin ido, mutum ya ga baƙaƙen ɗigo suna yawo, ko duhu ya rufe masa gani. A na biyar tabo ke janyo tantanin ya ɓaɓɓake.

A cikin masu sikila, masu jinin SC, waɗanda ake ganin nasu da sauƙi, sun fi masu SS kamuwa da wannan ciwon ido. Da yake ba sa yawan kwanciya, ba sa yawan ganin likita, har abin ya yi nisa. Jinin C kuwa na Afirka ta Yamma ne, ya fi yawa a Burkina Faso da arewacin Ghana.

Tun da ciwon kan yi nisa ba tare da alama ba, masana suka ba da shawarar a fara duba idon yaro mai sikila daga shekara 10, a maimaita duk shekara ɗaya ko biyu, da maganin ɗigawa mai buɗe ƙwayar ido. Idan aka gano jijiyoyin da wuri, hasken leza na iya sa su ƙafe. Idan tantanin ya riga ya ɓaɓɓake, sai tiyata, irin wadda ake yi a manyan asibitoci kamar Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna. Gwajin tabarau kaɗai ba ya nuna wannan ciwo.