Hawa da Sauka a Ma'aunin Shugaba

A zamanin En'e ta Sakkwato, kafin gyaran ƙananan hukumomi na 1976, hakiman Talata Mafara, Bakura da Maradun kan auna dagatansu da kuɗin haraji da jangalin da suka tara, Di'o kuma ya auna hakimai in ya fito rangadi. Amma jimla kaɗai ba ta yanke hukunci. A ɗauki dagatai biyu waɗanda abin da suka tara cikin shekara uku daidai yake: ɗaya ya fara da kaɗan ya yi ta hawa, ɗaya ya fara da yawa ya yi ta sauka. Na farko ake yabo, gama shugaba yakan ɗora hawan a kan himma, saukar kuwa a kan ragonci, ko da fari ne ya jawo ta.

Binciken Reb da Cropanzano na 2007 ya tabbatar da wannan karkata ga masu auna ma'aikata. Hausa ma ta rarrabe: "yana gyaruwa" daban, "ya gyaru" daban. Saboda haka malamin da ke duba ɗalibai masu koyon koyarwa ya kamata ya rubuta matsayi da alkibla dabam-dabam, don kada ɗaya ya rufe ɗaya.