Yadda Jadawalin Ayyukan Kwamfuta Ke Kare Bayanai Daga Ambaliya Da Ɗaukewar Wuta

A ranar 10 ga Satumba, 2024, ruwan da ya ɓalle daga madatsar Alau ya mamaye sassan Maiduguri, ciki har da unguwannin Bulabulin da Gwange da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri. Baya ga asarar rayuka da dukiya, irin wannan bala'i kan lalata kwamfutocin da ke riƙe da bayanan marasa lafiya, ɗalibai da 'yan kasuwa. Wanda ya kwafi bayanansa kafin ruwa ya iso shi ne ke iya komawa bakin aiki.

A yau ma'aikatu da yawa na amfani da babbar kwamfuta guda, wadda ake kira uwar garke, su raba ta da manhaja irin su VMware ESXi ko Proxmox VE, ta yadda za ta ɗauki nauyin kwamfutoci da dama a cikinta. Hakan na rage kashe kuɗi da shan wuta, amma idan ta lalace, duk waɗanda ke cikinta sun tafi tare.

Don haka ne masu kula da ita ba sa dogara da tunin mutum wajen ayyukan da ake maimaitawa, kamar kwafin bayanai, share tsofaffin fayiloli da duba lafiyar ma'adana. Sukan miƙa su ga manhajar cron, wadda ta samo asali daga tsarin Unix a shekarun 1970. Ana rubuta mata umarni a layi guda mai gurabe biyar na lokaci: minti, awa, ranar wata, wata, da ranar mako. Da lokacin ya cika, sai ta aiwatar.

Sai dai cron na da rauni: idan na'urar na kashe a lokacin da aka tsara, aikin ya wuce ke nan. Wannan babban lamari ne a Maiduguri, inda a watan Janairun 2021 'yan ta'adda suka lalata turakun layin lantarki da ke zuwa daga Damaturu, birnin ya shafe watanni cikin duhu. Ofishin da ke kashe janareta da dare, alhali an tsara kwafinsa ƙarfe biyu na dare, zai iya shafe makonni ba tare da kwafi ko ɗaya ba. Maganin shi ne a tsara aikin a lokacin da ake da wuta, ko a yi amfani da anacron, wadda ke rama aikin da ya wuce da zarar an kunna na'ura.

Masu amfani da ESXi na da ƙarin abubuwa biyu na lura. Agogonta na bin lokacin duniya na UTC, wanda ke bayan na Najeriya da awa ɗaya. Sannan gyaran da aka yi wa jadawalinta kan ɓace idan aka sake kunna ta, sai an sanya shi cikin fayil ɗin da take karantawa yayin tashi.

Kwafin da ke ɗaki ɗaya da uwar garke kuwa, ruwa ɗaya ne zai cinye su. Shi ya sa ƙwararru ke ba da shawarar ajiye kwafi uku a ma'adana iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri daban, tare da gwada dawo da bayanan lokaci-lokaci don tabbatar da cewa kwafin na aiki.