Ina za a ɗaura oba-oba a kan moto?

Duk wanda ya bar Dakwaro ya nufi arewa, wajen Bermo da Gadabeji, ya san inda rezo yake ƙarewa. Salula tana aljihunka, amma sai ka hau tudu ka ɗaga ta sama kafin ta kama, in ma ta kama. Mu masu taimaka wa likitan dabbobi a wannan yanki aikinmu duka bisa moto yake: akwatin sanyi a baya, jakar allurai a gefe, daga wannan rugga zuwa waccan rijiya. Shi ya sa ranar da ƙungiyarmu ta makiyaya ta sayo oba-oba, ta kuma kafa babbar rediyo a ofis da doguwar eriya bisa ƙarfe, muka ɗauka wahala ta ƙare. Ashe da sauran rina a kaba, don ba wanda ya tambayi inda za a ɗora ta a jikin moto.

Ni dai na yi abin da kowa zai yi. Na yanko robar tsohuwar taya, na ɗaure ta tamau a kan moto kusa da madubi, inda ido zai gan ta, hannu ya kai gare ta. Kan moto kuwa shi ne wurin da ya fi ko'ina shan gargada. Duk ramin da tayar gaba ta faɗa, can yake fara isa. A hankali batirin ya saki daga mazauninsa, rediyon ya riƙa mutuwa ni ban sani ba. Ina tafe ina ganin shiru, ina cewa yau lafiya lau.

Wata Talata a cikin hunturu ɗan wani Ardo ya aika ofis cewa awakinsu suna majina da zawo, bakinsu ya yi gyambo. Alamun annobar awaki da tumaki ke nan. An yi ta kirana, ni kuwa na wuce ta kusa da ruggar, ban ji komai ba. Sai bayan kwana 2 na isa. Ciwon nan ba shi da maganin da ke kashe shi, rigakafi ne maganinsa, amma da na je a ranar da an ware marasa lafiya. Kafin in zo garken ya sha ruwa a rijiya ɗaya da garken mutane uku. Ardo bai yi mini faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Malam, ai an ce kana da abin magana." Har yau in na tuna sai in ji nauyi.

Daga nan na mayar da ita gefe, ƙarƙashin mazauni. Nan ma ba ta yi ba. Zafin inji yana cin batiri, ƙura tana cika ramukan lasifika, ga wata ƙara kamar ana suyar gyaɗa wadda ke ƙaruwa duk lokacin da na murɗa mai. Makanike ya ce tartsatsin buji ne rediyon ke kamawa. Na cusa ta cikin jakar baya na huta, a ganina.

Abin da ya raba gardama faɗuwa ce. Da bazara, rana tsaka, tayar gaba ta nutse cikin rairayi, moto ya kwanta mini a ƙafa da dukan kayansa. Ban karye ba, amma na kasa zare ƙafar. Ina jin muryar abokin aikina tana fitowa daga jakar baya, hannuna ya kasa kaiwa. Na daɗe a nan kafin wani yaro mai kiwon raƙuma ya hango ni ya ɗaga moton. Tun daga ranar oba-oba tawa ba ta sake kwana a jikin moto ba. A ƙirjina take.

Baduku na ba ya ɗinka mini ƴar jakar fata da maɗauri mai ratsa kafaɗa, kamar ta laya amma babba. Jikin mutum yana shanye girgizar hanya, ƙura ba ta kai yadda take a ƙasa ba, kuma in ka faɗi tare kuke faɗuwa. Abu biyu nake kiyayewa. Eriya ta tsaya a tsaye, kada ta kwanta, ta kuma leƙo sama da kafaɗa, domin jiki yana tare sauti kamar yadda bango ke tare iska. Sannan na sayi ɗan abin magana mai igiya na maƙale a wuyan riga, a waje da rawani, don in ji kira ko inji yana ruri.

Ji nake yi ina tafe, amma ba na amsawa sai na tsaya. Wanda ya taɓa tuƙi cikin rairayi da hannu ɗaya ya san dalili. Tsayuwar ma tana da wata riba. Ƙaramar oba-oba ƙarfinta wat 5 ne galibi, kuma sautinta miƙe yake tafiya kamar kallon ido. Tudun rairayi ɗaya ya isa ya raba ka da ofis. In kana kwari, hau tudu tukuna.

Wanda ke zuwa nesa sosai zai buƙaci doguwar eriya, kuma wurinta bayan moto ne, a gefen da babu bututun hayaƙi, kan ɗan ƙarfe da mai walda zai ɗaga sama da akwatin sanyi. A gaba tana kusa da ido da kuma wayoyin inji. Irin mai tsawon kamar rabin mita tana son ƙarfe a ƙarƙashinta, don haka a kankare fenti inda gindinta ya haɗu da jikin moto. Akwai mai kusan mita 1 wadda ba ta buƙatar haka, sai dai a samu mai lanƙwasa, in ba haka ba reshen aduwa na farko zai karya ta. Igiyarta a bi da ita nesa da buji. Ni sai na tsaya nake jona ta. Ba na son igiya ta ɗaure ni da moto ina gudu. Kuma kada a danna maɓallin magana babu eriya a jone, yana iya ƙona rediyon.

Manyan rediyo masu wat 25 ba sa ratayuwa a ƙirji. Su a akwati ake sa su a baya, da soso a ƙarƙashi, a ja musu wuta kai tsaye daga batiri, da fiyus dab da shi. Batirin ƙaramin moto ba ya jure doguwar hira, gara a bar inji a kunne. Ƙaramar oba-oba kuwa kada a jona ta kai tsaye da bolt 12 na moto, nata batirin bai kai haka ba.

Saura zancen takarda, kuma ba ƙarami ba ne. A Nijar hukumar ARCEP ce ke kula da mitar rediyo, ƙungiya ta nemi izini kafin ta raba wa mutanenta. Kowa ya san halin tsaro: a Diffa da sassan Tillaberi an taɓa hana hawan moto gaba ɗaya, a kudancin Maraɗi kuma mutum bisa moto da oba-oba ba abin da jami'i zai kalla ya kawar da kai ba ne. Mu kafin mu fara sai da muka je muka gabatar da kanmu wajen magajin gari da jandarmomi. Kwafin izinin da katin aikina suna cikin jakar fatar nan tare da rediyon. In na hango shingen bincike ina rage gudu tun daga nesa, in sassauta rawani, in bar hannuwana a kan moto har a tambaye ni.