Hasan Da Husaini A Aji Ɗaya

A makarantun furamare na ƙasar Kankiya da Kusada, kamar dai yadda yake a sauran ƙasar Hausa, ba sai an gaya wa malami cewa an kawo masa tagwaye ba. Da ya buɗe rajista ya ga Hasan, ya duba ƙasa kaɗan ya ga Husaini, sunan mahaifinsu ɗaya, to ya gane. In mata ne, Hasana da Husaina. Bayan 'yan shekaru kuma sai ga Gambo, wato wanda aka haifa a bayansu, shi ma an kawo shi. Sunayen nan na jikokin Manzon Allah ne, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko da yake su ba tagwaye ba ne: an haifi Hasan a shekara ta 3 bayan Hijira, Husaini kuwa a shekara ta 4.

Kafin su zo makarantar boko, galibin yaran nan sun riga sun zauna a makarantar allo, inda kowane yaro yake da allonsa, malam kuma yana biya wa kowa nasa karatun. In Hasan ya riga ɗan'uwansa wanke allo, ba a tara jama'a a sanar. A makarantar boko ba haka abin yake ba. Aji ɗaya ne, darasi ɗaya, jarrabawa ɗaya, sa'an nan a ƙarshen zango a jera yara daga na ɗaya har zuwa na ƙarshe. Sauran yara kowa yakan kai sakamakonsa gida shi kaɗai, amma tagwaye takarda biyu suke miƙa wa uba a lokaci guda, shi kuwa dole idonsa ya gwada su. Daga nan ake soma cewa wannan shi ne mai ƙwaƙwalwa, wancan kuwa sai wasa. Yaro ɗan shekara bakwai in ya ji haka sau uku sai ya gaskata, ya sakar wa ɗan'uwansa karatun.

Wannan al'amari ya soma shafar ƙauyuka sosai ne tun daga watan Satumba na shekarar 1976, lokacin da Gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ba da ilmin furamare kyauta ga kowa, sa'ad da ƙasar Katsina take cikin Jihar Kaduna, kafin a ba ta jiharta a 1987. A zamanin nan yaron da ba shi da takardar haihuwa akan sa ya ɗora hannu bisa kansa ya taɓo kunnensa, in ya taɓo an ɗauke shi. Tagwaye kuwa tare suke taɓowa, tare ake rubuta su.

Akwai kuma camfi, wanda yakan biyo su har cikin aji. Mutane da yawa sun taso suna jin cewa wanda ya ɓata wa tagwaye rai za su turo masa kunama, ko kuma su hana tukunya tafasa. Babu wani tushe ga wannan magana a addini ko a ilmin likita, amma tana aiki a zukatan yara. Abokan wasa sukan yi ɗari-ɗari da su, sai su koma su biyu kawai, mai bakin ya riƙa amsa tambaya a madadin mai kunyar. Malamin da yake fama da aji cike maƙil ba ya lura, musamman in kamanninsu ɗaya ne. Sai ya kira su “'yan biyu” ya wuce. Akan shekara a haka ba a gane cewa ɗayansu bai iya haɗa baƙi ba.

To, a raba su ko kuwa a bar su tare? A ƙaramar makarantar ƙauye, inda kowane aji ɗaki ɗaya ne, babu ma zaɓi. A inda ake da aji “A” da “B” ne hedimasta yake yanke hukunci, sau da yawa ba tare da ya tuntuɓi iyaye ba. Masana a ƙasashen waje sun binciki wannan batu. Wani bincike da aka yi a Ingila, aka buga a shekarar 2004, ya nuna cewa tagwaye masu kama ɗaya da aka raba tun suna shekara biyar sun fi nuna alamun damuwa. Wani kuma da aka buga a 2018, a kan dubban tagwaye na Ingila da Kanada, bai sami wani bambanci mai yawa a sakamakon karatu ba tsakanin waɗanda aka raba da waɗanda aka bari tare. A Amurka, Jihar Minesota ta kafa doka a 2005 wadda ta bar wa iyaye zaɓin. Abin da hedimasta zai ɗauka daga nan shi ne kada ya kafa ƙa'ida ɗaya a kan kowa. Ya kira iyayen ya ji ta bakinsu, ya kuma umarci malami ya riƙa kiran kowane yaro da sunansa, yana duba littafinsa daban.

Rabuwar da ta fi ciwo kuwa ba hedimasta ne yake yin ta ba. Manomin da yake da tagwaye komai biyu yake saye a rana ɗaya, tufafin makaranta da takalma da littattafai, kuma kuɗin jarrabawar fita sakandare ma tare suke faɗo masa. In abin ya gagara sai a ce ɗaya ya dakata, in kuwa Hasan ne da Husaina, kowa ya san wadda za a ce ta dakata, ko da ita ce take zuwa ta ɗaya a aji. Dokar ilmin bai-ɗaya ta shekarar 2004 ta wajabta wa iyaye karatun shekara tara a kan kowane ɗa, ba ta ware mace ba.

Waɗanda Allah ya nufa suka kai ƙarshen sakandare tare, a ƙofar ɗakin jarrabawar JAMB sukan tarar da na'ura mai duba zanen yatsa. Zanen yatsan Hasan daban yake da na Husaini, ko da mahaifiyarsu kan rikice da fuskokinsu, don haka kowa da nasa yatsan yake shiga, ya zauna a kan kujerar da aka rubuta wa lambarsa.