Dusar Farko, Haɗarin da ke Ɓoye a Tsaunukan Alps

Yayin da hunturu ke shigo mana a watan Nuwamba zuwa Disamba, a daidai lokacin ne dusar ƙanƙara ke fara sauka a tsaunukan Alps, waɗanda suka ratsa ƙasashe kamar Faransa, Suwizalan, Italiya da Ostiriya. A wannan fitowar mun kawo muku bayani kan zaftarewar dusar ƙanƙara, abin da ke hallaka kusan mutum 100 a kowace shekara a waɗannan tsaunuka.

Da farko mun ɗauka cewa sai dusa ta yi yawa take zama haɗari. Ashe ƴar kaɗan ɗin nan ta farkon sanyi ita ce ke haƙa ramin. Ga yadda abin yake.

Ƙasar da dusa ta rufe takan tsaya a kusan digiri 0 a ma'aunin Salshiyos. Amma a daren da gari ya washe, iskar sama kan yi sanyin da ya kai digiri 15 ko 20 ƙasa da sifili. Idan kaurin dusar bai wuce tsawon rula biyu ba, to ɗumin ƙasa da sanyin sama suna dab da juna. Sai tururin ruwa ya riƙa tashi daga ƙasa zuwa sama ta cikin dusar, yana sauya siffar ƙwayoyinta. Su zama manya masu kusurwa, ba sa manne wa juna, kamar sukari a tafin hannu. Masana sun ce bambancin digiri 1 a kowace santimita 10 ya isa ya jawo haka.

Bayan nan sai sabuwar dusa ta sauka, iska ta danne ta, ta zama faifai mai tauri a kan wancan sukarin. Kowa zai iya gwada wannan a aji: a baza gero a kan tebur, a ɗora littafi a kai, sannan a karkata teburin. Littafin zai sulale nan take. Wannan shimfiɗa mai rauni kan zauna a ɓoye makonni, wani lokaci har watanni, sama kuwa fes kamar babu komai.

Yawancin zaftarewar na faruwa a gangaren da karkatarsa ke tsakanin digiri 30 da 45. Nauyin mutum ɗaya mai wasan zamiya ya isa ya ruguza shimfiɗar ƙasan. Sai a ji wani ƙara "wuf" a ƙarƙashin ƙafa, tsaguwa ta ratsa gangaren, faifan ya ɓalle da gudun da kan wuce kilomita 100 a awa. A kusan 9 cikin 10 na haɗurran da ake rasa rai, wanda abin ya rutsa da shi ko abokin tafiyarsa ne ya tayar da ita.

Shi ya sa cibiyar binciken dusar ƙanƙara da ke Davos a Suwizalan take fitar da sanarwar gargaɗi kullum a lokacin sanyi. Tun 1993 ƙasashen Turai ke amfani da ma'auni ɗaya mai mataki 5. Kusan rabin mace-macen Suwizalan a mataki na 3 suke faruwa, domin a nan mutane ke ganin abin da sauƙi su fita.

Masu shiga daji a tsaunuka sukan ɗauki abu uku: na'urar da ke aika sigina, dogon sandan lalube da shebur. Wanda aka tono cikin minti 15 yakan rayu a mafi yawan lokuta, amma bayan rabin awa yawanci numfashi ya ƙare. Ma'aikatan ceto ba sa isowa da wuri haka, don haka abokan tafiya ne ke tono.

Muna roƙon malamanmu na Labarin Ƙasa su ba mu damar yin gwajin gero da littafi a darasi mai zuwa. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta