Rini Mai Ƙyalli da Farautar Sankarar Fata

Melanoma sankara ce da ke tasowa daga ƙwayoyin da ke ba fata launinta. Ga Turawa ta fi fitowa inda rana ke duka, amma ga baƙar fata ta fi kama tafin ƙafa, diddige da ƙarƙashin farce. Irinta ce ta yi ajalin mawaƙin Jamaika Bob Marley a 1981, bayan ta faro masa a yatsan ƙafa. A ƙauyukan masarautar Daura, inda manomi da makiyayi ke wuni a kan ƙafa, baƙin tabo a diddige ba ya tayar wa mutum da hankali. Sai a ce ƙaya ce, ko faso, ko tawadar Allah. Sau da yawa sai tabon ya fashe ya ƙi warkewa, kaluluwa ta fito a matsematsi, sannan a nufi babban asibiti a Katsina, Kano ko Shika.

Kaluluwar nan ce ta fi damun likitan fiɗa, domin idan cutar ta tashi yaɗuwa, can take fara yada zango. A 1992 likita Donald Morton na Amurka ya bayyana wata dabara: a yi allurar shuɗin rini a gefen ciwon, a bi shi har kaluluwar farko da ya shiga, a cire ta a bincika. Idan ba a ga cutar a cikinta ba, sai a bar sauran, majiyyaci ya tsira daga babbar tiyatar da kan bar ƙafa da kumburi. Daga baya aka haɗa da sinadarin nukiliya mai rauni, wanda asibitoci kaɗan ne a Nijeriya ke da kayan aiki da shi.

Nan rini mai ƙyalli ya shigo. Wanda aka fi sani shi ne ICG, wani koren rini da Amurka ta amince da shi tun 1959. Idan aka haska shi da hasken da ke gaba da ja, wanda ido ba ya gani, sai ya mayar da nasa hasken, kyamara ta musamman ta ɗauka. A jikin allo likita yana ganin siririn layi yana hawa ƙafa, har kaluluwar ta bayyana kamar garwashi a cikin toka. Amma hasken ba ya ratsa tsoka fiye da kimanin santimita 1, kuma rinin hanya kawai yake nunawa, bai san lafiyayyar ƙwaya da mai cuta ba.

Shi ya sa masana ke ƙera rinin da ke neman cutar da kansa. Wani ba ya ƙyalli sai ya gamu da tayirosinas, sinadarin da ke haɗa launin fata, wanda kan yi yawa a ƙwayoyin melanoma. A Jami'ar Kwanel kuma an ƙera ƙananan ƙwayoyin silika masu ɗauke da rini, faɗinsu bai kai nanomita 10 ba, masu maƙalewa a jikin ƙwayoyin cutar. A 2014 aka wallafa gwajinsu na farko a kan majiyyata 5 a Niyok.

Ana kuma son rinin ya yi magani. Wani idan haske ya doke shi yakan saki guba daga iskar shaƙa ta kashe ƙwayar da ya shiga, wani kuma ya yi zafi ya ƙone ta. Cikas ɗin shi ne baƙin launin ciwon yana shanye hasken kafin ya isa. Yawancin wannan aiki bai wuce gwaji a kan ɓeraye ba tukuna, kuma har yau tiyata ce babban maganin melanomar da ba ta yaɗu ba. Duk baƙin tabo a tafin ƙafa ko farce da ke girma, ko sauya launi, ko zubar da jini, likita ya kamata ya gan shi kafin a kai wa wanzami.